Cediyar Baba Mori

"Ƙirga su," in ji Wasila, matar Salmanu. "Jiya ganye bakwai ya zube, yau goma sha ɗaya. Baban Kamila, ka kashe wa bawan Allah bishiyarsa."

Salmanu na tsugune a baranda gaban wani bokitin fenti, gumi na bin ƙeyarsa tun bakwai na safe ba ta yi ba.

"Canjin wuri ne," ya ce. "Ki bar ni in ji da abu ɗaya."

Bishiyar ta maƙwabcinsu ce, Morishita, wani tsoho ɗan Japan da ƙofarsa ke kallon tasu a hawa na uku a unguwar Abu Hail ta Dubai. Salmanu bai taɓa wahalar da harshensa ba, Baba Mori yake ce masa. Sana'ar tsohon yanka ɗanyen kifi ce a wani gidan abinci, mutane da hankalinsu su zauna su ci, ko wuta bai gani ba. Shekara shida suna haɗuwa a bene. Salmanu ya miƙa hannu, tsohon ya rusuna, har Salmanu ya gaji ya daina miƙawa.

Kwana tara ke nan da motar asibiti ta zo ɗaukarsa. Ya ƙi a sauko da shi sai an kira Salmanu. Ya nuna masa wata tasar tangaran da ba ta fi faranti ba, a cikinta bishiya wadda ko gwiwa ba ta kai ba. Bonsai sunanta, ya ce. Matarsa marigayiya ce ta dasa, shekara talatin da huɗu ke nan. Ruwa kofi ɗaya da safe, kada a taɓa komai.

Salmanu ya dubi ganyen, ya dubi saiwar. Wannan ai dangin cediya ce! Irin wadda a Ɗambatta mahauta uku ke baje kolinsu a ƙarƙashinta. Ga shi an nannaɗe mata rassa da waya kamar an kama ɓarawo. Kwana biyu ya daure. A na uku ya ɗauko filaya ya datse wayoyin, ya sa wani abokinsa ya taho masa da takin awaki daga garin Hatta, ya juye ta a bokiti, ya kwarara mata ruwa rabin jarka. Kullum rabin jarka.

Wayarsa ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinya ce. Tsohon na neman Salmanu, kuma yana son ganin bishiyarsa. Ta ƙara da cewa gara yau.

"Maza mayar da ita tasarta," in ji Wasila. "Ka sake naɗa wayar. Ba zai gane ba."

"Mutumin da yake goge ganye ɗaya-ɗaya da auduga? Kuma ni ba na yi wa marar lafiya ƙarya."

"To je ka gaya masa gaskiya ta ƙarasa shi."

Ya rungumi bokitin ya sauka. Mai tasi ya yi ta mitar warin taki har suka isa. A ƙofar asibiti mai gadi ya tare shi.

"Habibi, ba a shiga da ƙasa."

"Ba ƙasa ba ce, amana ce. Kira babbanku, yalla, maza."

Sai da aka yi minti ashirin ana abu ɗaya kafin ma'aikaciyar jinyar ta sauko. Ta naɗe bakin bokitin da leda, ta ce minti biyar.

Baba Mori ya koma kamar kara a cikin bargo. Idonsa bai tsaya kan Salmanu ba, ya wuce kan bokitin, ya daɗe a can. Salmanu ya tattaro guntun Turancinsa na harkar jigilar kaya.

"Ni na yi. Ba matata ba. Yunwa take ji. Shekara talatin da huɗu kana ba ta ruwa kamar maganin tari."

"Ruwa nawa?" in ji tsohon.

"Rabin jarka."

Tsohon ya rufe ido. Kafaɗunsa suka hau rawa. Salmanu ya ce innalillahi, ya juya zai kira likita, sai ya ga ashe dariya mutumin yake yi, marar sauti, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Ya yafito shi. Salmanu ya ɗaga bokitin zuwa bakin gado. Tsohon ya sa farce ya kankare ɓawon kaɗan. Kore ne a ciki.

"Tana da rai. Kwana goma, ba ruwa. Inuwa." Ya huta. "Sabon reshe zai fito. Ka yanke."

"In yanke? Abin da ya fito da ƙyar?"

Tsohon ya nuna durowar gefen gado. Almakashi ne a ciki, baƙi, mai faɗin mariƙi, naɗe cikin shuɗin ƙyalle. Har asibiti ya zo da shi.

"Baba, bishiya girma take yi. Haka Allah ya yi ta."

"Babbar bishiya, sai ƙasa," in ji tsohon. "Kana da ƙasa a nan?"

Shekarar Salmanu goma sha shida a Dubai, ko taku ɗaya ba nasa.

"Gida bakwai ta bi mu," in ji Baba Mori. "A kan cinyar matata. Bayan ta tafi, a kan tawa."

Ya so ya rusuna daga kwancen, kansa kawai ya motsa. Salmanu ya sa almakashin a aljihu yana gunaguni da Hausa cewa wannan aiki ne aka ɗora masa, shi da ke da kwantena biyu a tashar ruwa.

Bayan kwana biyu, da Azahar, tsohon ya rasu. Wani ɗan ƙanensa ya zo daga Osaka ya tafi da gawar. Ya rusuna wa Salmanu sau uku a bakin ƙofa, Salmanu ya rasa inda zai sa hannayensa. Ya nuna masa bokitin. Mutumin ya girgiza kai: baffansa ya riga ya faɗi mai ita.

Kwana goman nan Wasila ɓoye jarkar ta yi. Salmanu ya yi faɗa, bai nema ba. Ganye tara suka rage, suka koma shida, suka tsaya. A mako na uku wani reshe ya ɓullo daga gefe, siriri, ya miƙe sama sak, ya fi kowanne tsawo.

"Ka ga?" in ji Salmanu. "So take ta girma. Shi ne za a ce in yanke. Kai, mutanen nan!"

Wasila ta ajiye masa shayi ta koma ciki.

Shayin ya huce yana zaune. Can ya warware shuɗin ƙyallen, ya matso da bokitin tsakanin gwiwoyinsa, ya yi bisimilla ya datse. Tasar tangaran na gefe a wanke, tana jiran ranar da saiwar za ta yi ƙwarin komawa. Ya kwantar da reshen a cikinta, da ganyensa biyu.