Ko Ƙwayar Ƙura Babu

Da baki Auta ta raba Gwaggo da bargon. Ta yi ta zarya gidan tana cewa hayaƙin murhu da ƙurar tsakar gida za su cinye saƙar kakansu, alhali ga gidan adana kayan tarihi inda take aiki, ga akwatin gilashi, ga na'urar da ke auna ƙurar da ido ba ya gani. Gwaggo, ƙanwar babanta, ta ce bargon ya girmi Auta a cikin adakarta kuma ba ta taɓa jin ya yi tari ba. Amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Ranar da za ta miƙa shi, sai da ta cusa fuska a ciki tukuna.

Ana nan aka fara fasa titin da ke gaban ginin. Ƙura ta riƙa shigowa ta kowace kafa, na'ura na nuna ja, shugaban wurin na kiran Auta ofis sai ka ce ita ke tuƙa katafilar. Ta sa aka liƙe tagogin ɗakin da leda. Mai shara kuma ta kawo dabarar da kowa ya tashi ya gani a gidansu, wato a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya. Auta ta ce a ƙara, safe da yamma, kar a yi rowar ruwa. Na'ura ta koma kore, shugaba ya yabe ta a taro. Na'urar auna danshi kuwa tun bara ta lalace, ana jiran wani ya sa hannu a sayo sabuwa.

Ɗaki a toshe, ruwa kullum, ga murfin akwatin dama ba ya zama daidai. Wata safiya ta hango fari-fari a ninkin bargon. Ta sa safar hannu ta ɗaga gefensa, zare ya biyo yatsunta. Garin gudun gara an faɗa gidan zago: fumfuna ta cinye cikin ninkin kaf. Auta ta juyo ɓangaren da ya fi dama-dama sama, ta rage hasken fitila. Ta tsani na'urar, ta tsani shugaba da taronsa, amma kanta ta fi tsana.

A makon ne Gwaggo ta matsa wa yayan Auta ya kawo ta ta ga inda aka sauki bargon babanta. Yanar tsufa ta riga ta rufe mata ido, sai da Auta ta riƙo hannunta har gaban akwatin. Auta ta shirya faɗa mata gaskiya tun daga bakin ƙofa, amma sai ta ɓuge da nuna mata gilashin.

Tsohuwar ta leƙa, ba ta ga komai ba sai duhu-duhun launi. Ta shafa gilashin da yatsa, ta kai yatsan kusa da ido, ta murza.

"Ikon Allah, ko ƙwayar ƙura babu. Ashe ni ce nake cutar da shi. Ki yafe mini gardamar da na yi miki, 'yar nan."

"Gwaggo…"

"Bari dai. Akwai zanen da ya saƙa wa innarmu, ko babanki bai san yana wurina ba. Gobe ki zo ki ɗauka, ki sa shi kusa da wannan."