Mako Uku

"Ɗaga haɓa, Baba," in ji mai aski.

Baba Direba ya ɗaga da ƙyar. Shekara ashirin ƙofofinsu na kallon juna a saman bene, kuma duk Asabar tsohon kan sauko shago da ƙafarsa. Yanzu ciwon daji ya kama masa huhu, matakala ta gagare shi, sai mai aski ke zuwa da rezarsa.

"Me likita ya ce?" in ji mai aski.

'Yar tsohon ce ta amsa daga bakin taga. "Sun ɗebi ɗan naman ƙarin sun aika gwaji. Wai akwai wata ƙwayar halitta da kan yi aiki fiye da kima, ita ke sa ƙarin yaɗuwa. In ita ce a jikin Baba, akwai maganin da ita kaɗai yake bi, ba ruwansa da lafiyayyen nama."

"Ka ji fa," in ji Baba Direba. "Fasinja ɗaya ya hana mota sakat. A sauke shi mana!"

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Mai aski ya janye reza har tarin ya lafa.

"Yaushe sakamakon zai fito?"

"Mako uku."

"Ai kamar gobe ne," in ji mai aski. Amma yatsunsa na kan wuyan tsohon, kuma ƙashi kawai yake ji.

Asabar ta biyu Baba bai yi barkwanci ba. A kwance aka yi masa askin. Ranar Talatar mako na uku, da hantsi, mai aski na tsakiyar yi wa wani gyaran fuska ya ji salatin 'yar daga sama. Ya bar mutumin da kumfa a fuska.

Ranar Alhamis ya shiga ya taya ta fitar da tukunyar iskar numfashi da za a mayar asibiti. Wayarta ta yi ƙara. Ɗakin shiru ne, har yana jin muryar likitan, cike da murna.

"Albishirinki, sakamako ya fito. Ita ce! Ku kawo shi Litinin a fara magani."

Ta juya ta kalli gadon Baba.

"Na gode, likita. Baba ya rasu shekaranjiya."

Mai aski ya ajiye tukunyar a hankali. Ita kuma ta zauna a bakin gadon da aka yaye wa zani, wayar a cinyarta, har haskenta ya ɗauke.