Mai Tsaron Kwale-kwale a Kogin Dee

Murdo Cruickshank mai gyaran kwale-kwale ne a bakin kogin Dee, a garin Aberdeen. Ƙato ne, ga faɗin ƙirji kamar ƙofar rumbu. Tun rasuwar matarsa ba ya da abokin hira sai ranar Asabar, idan sanyi ya sassauta, matasan unguwa suka sauko kogi wasan ƙwallo.

A lokacin wasan ba shi da wata doka ta a-zo-a-gani. Kwale-kwale biyu ake ɗaurewa, ɗaya nan ɗaya can, a jefa ƙwallon roba a tsakiya. Wanda ya kai ta ya ɗora bisa kwale-kwalen abokan hamayya ya ci. Murdo shi ne mai tsaro. A tsaye yake jira a kan kwale-kwalen, da mutum ya matso sai ya diro masa a ka, su nutse tare.

Wanda ya fi shan ruwa a hannunsa shi ne Lachlan Geddes, wani siririn maƙeri mai bakin tsiya.

"Kai, Murdo, Allah ya isa!" in ji Lachlan yana tari. "Rabin kogin nan yana cikina!"

"Saura rabi, ka dawo ka ƙarasa."

In an tashi sai su cika rumfar aikin Murdo, ana rawar ɗari, ana cin busasshen kifi da wainar hatsi.

Ana nan sai aka gina gidan iyo a cikin gari, mai rufi da ruwan ɗumi. Wasan ya koma can, sababbin dokoki kuma suka zo: a kafa raga, a riƙa jefa ƙwallo, mai tsaro kuma ya zauna cikin ruwa kamar kowa.

"Ka zo mana, dattijo," Lachlan ya ce. "Ko tsoron ruwan zafi kake, kada daudar shekaru ta fita?"

Ya je. Sai dai abin da ba wanda ya taɓa lura da shi, Murdo bai iya iyo sosai ba. Dirowa ya iya, da cafke mutum. A nan kuwa babu abin takawa. Yana fama da kansa kada ya nutse, ƙwallo na wuce shi ta dama ta hagu. 'Yan kallo suka yi ta dariya. Dariyar ba ta dame shi ba kamar yadda ya ga abokansa kowa na kau da kai.

Bai koma ba. Duk Asabar ta wannan bazarar sai ya ɗaure kwale-kwalen a inda suka saba, ya zauna yana kallon hanya. Agwagi kawai ke zuwa.

Sai da ganye ya fara zuba Lachlan ya leƙo, yana murza hula.

"'Yan wasan garin Dundee za su zo karawa da mu. Sandunan ragarmu sun karkace, kuma ba mai hannunka a garin nan."

"Aiki ya kawo ka ke nan."

"Haba, Murdo."

"Ba komai. Za a yi."

Ya yi su kuwa, ya goge su sumul, ya kai da kansa ranar wasan. Ya tsaya can baya cikin taro. Wani saurayi a gefensa ya shiga yi masa bayanin yadda ake wasan, Murdo yana gyaɗa kai. Wasan ya yi kyau, wannan bai musa ba; sauri gare shi kamar kifi. Da Lachlan ya ci, gidan ya ɗauki sowa, shi ma ya tafa. Ya ɗaga hannu, amma Lachlan bai hango shi ba.

Kafin a tashi ya fita. Da sanyi ya shigo ya rufe rumfar, ya koma wajen ƙanwarsa Effie a garin Buckie, inda ba a wasa da ruwa, kamun kifi kawai ake yi a cikinsa. Can ya ƙarasa rayuwarsa yana gyaran jiragen masunta.