Fermín Yana Cikin Rake

"Tsaya nan," in ji Baba Nicasio.

Eulalia ta ja linzamin alfadarin, amalanken ya tsaya a bakin ƙofar shingen wayar kamfanin sukari. Maƙwabciyarsa ce, ita ke kai masa baƙin wake da shinkafa tun da ƙafafunsa suka kumbura. Da likita ya ce ba zai ga ƙarshen yankan rake ba, abu ɗaya tsohon ya roƙe ta: ta kai shi ya nuna mata inda ƙaninsa Fermín yake kwance, don a samu mai kunna masa kyandir.

Maigadi ya leƙa amalanken. "Ina zuwa da wannan gawar, uwata?"

"Gawar nan ita ta kori Sifaniyawa daga gonar da kake gadi. Buɗe mana."

Ya buɗe yana ƙunƙuni. "To, kar ya kunna taba. Raken Ba'amurke ne."

Tsohon ya yi dariya har ta zama tari. "Ji ɗan banza. Gonar nan da hannuna na ƙone ta."

Suka shiga. A hanya ya gaya mata abin da bai taɓa faɗa ba a bikin ranar 'yanci, inda ake zaunar da shi da lambar yabo a ƙirji kamar kayan ado. A yaƙin ba a sa wa kabari alama, don sojojin Sifaniya kan tono gawa su ja ta cikin gari. Da harsashi ya kayar da Fermín, da adda shi da sauran mayaƙa suka haƙa ramin, suka baje ƙasar, suka kora dawakai a kai har ba a gane komai.

"Ni na ja dokin farko a kan ɗan uwana, 'yata. Na riƙe wani rimi da rafi a kaina, su ne alamar wurin. Na ce in mun ci yaƙi, ƙasar tamu ce, zan dawo da gicciye."

Da suka isa, ba rimi. Rafin ma an karkatar da shi zuwa injin matse rake. Gabas rake, yamma rake, layi-layi, duk kamarsu ɗaya. Ya nuna can, suka je, ya girgiza kai. Ya nuna wani wurin. Takaici ya kama Eulalia har ta rasa wanda za ta zaga.

"Baba, mu ce nan ne mana. Zan riƙa zuwa nan."

"Ƙarya zan bar miki? Ba nan ba ne." Ya jingina da buhu. "Mun iya aikinmu, ai."

Ta juya amalanken, suka kama hanyar komawa. Sai da suka iso ƙofar gidansa ta taɓa hannunsa ta ji ya yi sanyi. Idanunsa a buɗe suke, suna kallon baya, ganyen rake ɗaya ya maƙale a gemunsa.