Littattafan da Ba Sa Fita Ɗaki

Malam Ahmad na Jibiya ya bar wasiyya guda wadda kowa ya ji da kunnensa: kada littattafansa su fita daga ɗakin da ya ajiye su. Gafaka goma sha ɗaya ce, rubutun hannu, takardu sake ba ɗinki. Wasu fiƙihu ne, wasu magani, wasu kuwa ranakun haihuwa da rasuwar dangi. Shekara ashirin da biyu ɗiyarsa Rabi'a tana share ɗakin, tana zuba ganyen bedi, wato dogon yaro, tsakanin gafakokin saboda gara.

Da aka ƙaddamar da shari'a, kowane mai shago ya zama masanin rabon gado. A shekarar 2009 ƙanenta Abdulƙadir, mai sayar da yadi a Maraɗi, ya aiko da saƙo cewa wasiyya ba ta wuce sulusi, saura gado ne. Ranar Lahadi ta sama zai zo da buhu ya ɗauki rabonsa, don 'ya'yansa sun girma ba su taɓa ganin rubutun kakansu ba. Bai tsaya tunanin cewa littafin da ba ɗinki in an raba shi ya tashi daga littafi ba.

Nafisa ce ta shiga tsakani. Ɗiyar marigayi wansu ce, ta karanci kwamfuta a Katsina, tana buga wa masu fiton kaya takardu a bakin iyaka. Ta ce za ta ɗauki hoton kowane shafi ta ɗora a intanet.

"A ajiye su ina?" in ji Rabi'a.

"A kwamfutar wani kamfani, Gwaggo. Haka kowa ke yi."

"To sun fita ke nan. Wannan kowan ba shi ya ji wasiyyar ba."

Sai Nafisa ta ɗauko tsohuwar kwamfutarta ta kafa a cikin ɗakin, kusa da gafakokin, ta mai da ita saba, wato injin da ke riƙe da shafuka yana miƙa wa mai nema. Hotuna suna ɗaki, mai son karatu ya leƙo daga inda yake. Abdulƙadir ya ce a waya, in ya iya karantawa daga shagonsa kafin Lahadi, zai bar buhun.

Ɗaukar hotunan ya ci kwana shida. Saura a sa na waje su iya isowa. Aka kira Anas, wanda ke haɗa wa ofisoshin bakin iyaka intanet. Ya soka modem mai ɗauke da layin waya a jikin rauta, akwatin da ke raba intanet a gida, ya yi 'yan danne-danne.

"Ƙofa mai lamba tamanin kawai ake buɗewa a cikin rautar, a nuna mata kwamfutar. Ko a Amurka haka ake yi."

Ya zauna a tsakar gida da tasa kwamfutar, shafin farko ya bayyana da jan tawadar Malam. Ya sha zoɓo ya tafi.

Nafisa ba ta gamsu ba. Wanda ke tsakar gida ai ya riga ya shigo, bai gwada ƙofar waje ba. Washegari ta gwada daga wurin aiki. Da hantsi ya buɗe. Bayan azahar babu komai. Da ta koma gida ta tarar an ɗauke wuta an maido, kamfanin layi ya ba modem ɗin sabon adireshi, jerin lambobin da ta rubuta a takarda sun zama na wani. Wannan ta san maganinsa. Ta yi wa sabar rajistar suna, ta sa rautar ta riƙa sanar da sabon adireshi duk lokacin da ya canza, kamar direban da ke gaya wa ɗan kamasho inda ya koma da mota.

Ranar Alhamis shafin ya yi aiki awa uku, ya sake mutuwa, alhali wuta ba ta ko ƙifta ba. Ranar Juma'a ma haka. Ta kira Anas.

"Iska ce ke ɗauke sabis," in ji shi. "Sai kun sayi babbar eriya daga Kano."

"Malam Anas, ganye ko motsi ba ya yi."

"To kamfanin ne ya toshe. Ko dai a saukar da komai a sake zubawa."

Ta ajiye wayar. Ta zauna a kan tabarma a ɗakin littattafan tana kallon koren hasken modem yana kunna yana mutuwa. Saura kwana biyu. A lokacin Rabi'a ta yi sallama ta shigo da 'yar wayarta mai ɗaure da kyauro.

"Ɗan matsa mani, ɗiyata, zan kira matar Abdu in ji ko da gaske ya sayi buhun."

"Gwaggo, me ya sa kullum sai a nan kuke kiran Maraɗi?"

"Ke ma dai. Layina na Nijar nan kaɗai yake kamawa da kyau. Ɗakin ga ai bangon arewa ne. A wajen waya, Malam a Nijar ya ajiye littattafansa. In ina son Katsina sai in koma bakin madafa."

Nafisa ta daɗe tana kallonta. Sannan ta buɗe shafin da ke nuna halin da modem yake ciki. Ga sunan wani kamfanin Nijar zaune a inda na Najeriya ya kamata ya kasance. An bar modem ɗin ya zaɓi sabis da kansa, shi kuwa duk wanda ya fi ƙarfi yake bi. Da na Nijar ya rinjaya sai ya tsallaka iyaka ba takarda, layin kuma ba a buɗe masa intanet a can ba.

Ta umarce shi ya tsaya kan sabis na gida kaɗai. Sai ya tsaya, amma da sanda ɗaya tak ta ƙarfin sabis, shafi guda yana ɗaukar minti biyar. Ta tafi kasuwa ta sayo doguwar waya, ta ja ta daga kwamfutar ta bi saman katanga har kudancin gida. Ta rataye rauta da modem a cikin kwando a rumfar madafa, inda hayaƙi ba ya kaiwa. Sanda huɗu. Kwamfuta da hotuna suna nan ɗakinsu.

"Wannan akwatin da kika fitar, ba rubutun Malam a ciki?"

"Babu, Gwaggo. Ɗan aike ne kawai."

"To ya zauna da tukwane."

Ta sa kalmar sirri, don kada duk duniya ta karanta wa dangi ranakun haihuwarsu, ta aika wa baffanta da ita tare da sunan shafin. Ranar Asabar da la'asar ya kira daga Maraɗi. Bai yi gaisuwa mai tsawo ba.

"Nafisa, gafaka ta huɗu, shafi na sittin da biyu, kin ɗauke shi a kife."

"Zan gyara, Baffa."

"Kuma ta tara ba ta cika ba. Daga sha bakwai kin tsallake zuwa ashirin da ɗaya."

"Haka muka same ta."

Ya kashe wayar.

Ranar Lahadi ya iso a motar haya da hantsi. Rabi'a ta leƙa bayansa tana neman buhu, ba ta gani ba. Bayan an gaisa ya zaro ambulan daga aljihun riga, ya fito da takardu uku da suka yi ja don tsufa. Ya ce ranar uku ta rasuwar Malam ya zare su, don a nan aka rubuta haihuwarsa shi Abdulƙadir.

"Kai ne ke kawo mana hukuncin sulusi, ashe ka riga ka ɗauki naka tun ba a share makoki ba," in ji Rabi'a.

"Yaya, a bar tone-tone."

Ta karɓa ta shiga ɗaki, ta kwance gafaka ta tara, ta ƙirga zuwa sha bakwai ta sa su a gurbinsu. Kafin ta ɗaure, ta ɗaga murya ta ce wa Nafisa ta zo da abin ɗaukar hoto.