Tukwanen Maharazu

An rufe kabarin Maharazu Danda da fasassun tukwane huɗu, nasa na kansa, kuma ba a tambayi matarsa ba kafin a fasa su. Ya rasu ranar Talata da hantsi, cikin watan Mayu na 1985, a Maijirgi, yana da shekara sittin da ɗaya. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa.

Damina biyu ke nan ruwa bai yi ba. Karan geron da ya rage ya ƙeƙashe har akuya kan shinshina ta wuce. Maharazu, wanda ya taɓa yi wa gwamnati aikin gona a Tasawa, yakan daddatsa karan da ɓawon gyaɗa, ya jiƙa da ruwan zafi, ya danna a tukunya, ya barbaɗa ɗan tsohon haɗi a kai, ya rufe. Bayan kwana ashirin sai farar hunhuna ta bi karan kamar auduga, ya yi laushi. Awakinsa uku sun ci sun tsaya da ƙafafunsu, lokacin da na unguwa ke faɗuwa. Tsohon haɗin nan shi ne iri. In babu shi, kara kara ne.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya sa aka kai tabarmarsa ɗakin tukwanen, don ya fi sanyi. Can na same shi ranar Lahadi.

"Malam Cha'ibu na jarida," in ji shi, "buɗe ta gabas ka gaya mini mi ka gani."

"Ruɓa na gani."

"Shi ya sa ba a karanta ku. Girgije ne. Sama ta hana, na shuka nawa."

Matarsa Lailatu tana bakin ƙofa tana tankaɗe. "Girgijen naka ya shanye mini tulu biyu yau, Malam. Bai ko yi yayyahi ba."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Daga baya ya ce ɗazu ya ga kansa yana tafiya cikin tukunyar, ƙasa fara fat, ba rana, awaki na binsa ba sa kuka. Ya lumshe ido yana lissafa sunayensu.

Ranar jana'iza aka rasa itacen jerawa a kan kabari. Gwamnatin soja ta hana sara, busasshen kuma ya daɗe da ƙarewa a murhu. Ƙaninsa Na Allah, da ya zo daga Korgom da safen nan, ya leƙa ɗakin ya buɗe tukunya ɗaya.

"Wannan ai ya lalace ma," ya ce.

Shi da 'yan jana'iza suka juye tukwanen huɗu a bayan gidan, suka ɗora su a amalanken jaki. Lailatu tana ɗaka, mata sun kewaye ta. Ni ina maƙabarta. Sai da aka miƙo mini guntun tukunya na uku na ga farin a cikinsa. Na aza shi inda aka nuna mini, aka bi da laka.

Bayan la'asar Lailatu ta kira ni ta kan katanga, don takaba ta hana ta fita.

"Cha'ibu, ina suka zubar?"

Rana ta buga tarin tun azahar, awakin unguwa sun cinye samansa. Na tona har ƙasa, na samu abin da bai cika ƙaramar ƙwarya ba, da sauran danshi. Ta karɓa da gefen zanenta. Ta wanke tukunyar tuwonta ta danna sabon kara, ta barbaɗa, ta rufe da faifai.

"Ya ce in ya yi fari, yana da rai. In ya yi baƙi, a zubar."

Yau kwana goma sha ɗaya. Jar akuya cikin ukun nan ta daina tashi tun jiya. Da safe Lailatu ta ɗaga faifan, ta daɗe tana kallo, ta mayar. Karan bai yi fari ba, bai yi baƙi ba.