Yarjejeniya a Wuyan Riga

Takardar ta iso ranar Litinin, an manna ta a ƙofa da irin kulawar da rufin ɗakin bai taɓa samu ba cikin shekara goma sha ɗaya da ya yi yana yoyo. Kwana bakwai aka ba mai ɗinki ta kwashe kayanta. Ba a ce ta yi laifin komai ba; sabon wakilin mai gida ne dai ya lura cewa ɗaki mai taga a bakin titi ya fi dacewa da mai sayar da wayoyi.

Ita kekenta bai dame ta ba, ko'ina aka ajiye shi zai yi ɗinki. Surukarta ce abin tunani. Tun da idanun tsohuwar suka daina gani, ta haddace gidan da ƙafa: taku huɗu daga gado zuwa ƙofa, tara zuwa famfo, a karkata hagu inda siminti ya fashe. A nan ba ta neman jagora. A wani gida kuwa, sai dai ta wuni inda aka zaunar da ita.

Washegari mai ɗinki ta hau benen da ke saman kantin fenti, inda wasu lauyoyi ke tsaya wa 'yan haya kyauta. Wadda ta karɓe ta siririya ce, fankar ofishinta kuma ta fi ba da ƙara a kan iska. Ta karanta takardar sau biyu.

"Anti, kun rubuta yarjejeniya lokacin da kuka shiga?"

"Mai gidana, Allah ya ji ƙansa, ya sa hannu a wata takarda mai kauri."

"Tana ina?"

Mai ɗinki ta san sarai inda take. Al'adarta ce duk takarda mai kauri da ta shigo gidan, ta yanke ta ta mai da ita ma'auni, wanda take ɗorawa kan yadi ta bi gefensa da almakashi. Kalanda ta bi ta nan, katin gayyatar biki ma haka. Yarjejeniyar kuwa ta fi su duka inganci, shi ya sa ta samu matsayin wuyan riga, da hannu, da aljihu.

Da ta ji haka, lauya ba ta yi dariya ba, abin da ya sa mai ɗinki ta fara ganin girmanta. Jakarta kawai ta ɗauka, ta ce su je.

A ɗaki suka sauke ma'aunan daga jikin ƙusa, sun fi arba'in, duk alli ya ɓata su. Tsohuwa tana gefen gado tana saurare.

"Wace ce wannan mai takun kaza?"

"Lauya ce, Inna."

"Lauya? To ku ba ta ruwa. Ni a sanina lauya ƙato ne mai tumbi."

"Tumbin yana nan tafe, Inna," in ji lauya, "shari'a biyu ta rage mini."

Sa hannun mai gidan hayar ya fito a wuyan riga. Kwanan wata yana kan hannun riga na dama. A aljihu kuma, tsakanin hudojin allura, suka sami layin da ake nema: ba za a tashi ɗan haya ba sai da sanarwar wata shida a rubuce. Lauya ta nemi gam. Mai ɗinki ta ce gam aikin wakili ne, mai manna takarda a ƙofa. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera guntayen, ta bi su da keke a hankali, zare bai taɓa harafi ko ɗaya ba.

Ranar zaman kotu, wakilin ya miƙe ya ce wannan ba takardar shari'a ba ce, riga ce da ba a gama ba. Alƙali ya ɗaga ƙyallen sama, ya juya shi, ya tambaye shi ko yana da tasa wadda ba a yanka ba. Ba shi da ita. Ya tambaye shi ko sa hannun da ke wuyan na mai gidansa ne. Wakilin ya duba ya daɗe, kamar mai fatan rubutun ya canja ra'ayi, sannan ya ce nasa ne.

Aka soke kwana bakwai. Mai sayar da wayoyi ba shi da haƙurin wata shida, ya kama wani ɗaki a gaba. Lauya ba ta bari abin ya huce ba: ta bi mai gidan har ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya ta shekara biyu, da layi guda a kan gyaran rufi.

Da kanta ta kawo takardar. Mai ɗinki ta murza gefenta tsakanin yatsu biyu, ta taɓe baki.

"Wannan ai ba ta da kauri."

"Da gangan, Anti. Mai kaurin tana ofis."

Tsohuwa ta sauko daga gado ta nufi famfo don ɗebo wa baƙuwa ruwa. Taku huɗu, sannan tara. Babu wanda ya tashi ya riƙe mata hannu.